Takabar Shuɗiya

Ni ban yi karatu mai nisa ba, a aji shida na tsaya, saboda haka yadda abin ya faru haka zan faɗe shi. Labarin ƙanin mijina ne, Nomau, da motar da mijina ya rasu ya bari.

Gidan Nomau da namu katanga ɗaya ce ta raba su, a can saman Tudun Kanya, daidai inda hanya take fara gangarawa zuwa rafi. Mutum ne da ya haura arba'in, dogo, mai sanyin murya, ba a taɓa jin sa da kowa ba. A gidan daga shi sai matarsa Lantana mai daddawa, sai wata akuya mai karyayyen ƙaho, don 'ya'yansu biyu sun yi aure a ƙetaren rafi. Abu ɗaya ne da Nomau: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, kuma ba zai daina ba sai ka ce ya daina. Lantana ta taɓa ce masa ya riƙa ba shukar barkononta ruwa kullum da safe. Damina ta sauka, ana tafka ruwan sama, sai ga Nomau da faifai a ka yana tsiyaya wa barkono ruwa da buta. Tun daga ranar Lantana ta koyi sa wa kowace magana wutsiya. "Malam, hura wuta, in ta kama ka bari." "Malam, kira akuya, in ta zo ka yi shiru."

Mijina kuwa ba zan kama sunansa ba, duk gari Direba ake ce masa. Yana da tsohuwar akori-kura mai shuɗin fenti, ana kiran ta Shuɗiya. Ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke ɗauko amarya. Birkin hannunta ya daɗe da tsinkewa, sai ya ɗauko wani baƙin dutse mai santsi daga rafi, shi yake sa mata a gaban taya. A gindin tagar ɗakina take kwana. Kullum da safe ina jin ya murɗa makulli sau biyu, ƙas, ƙas, rediyo ya kama magana. Sai ya ƙara murɗawa, rediyon ya yi tsit kamar mai riƙe numfashi, inji ya yi tari ya kama, sannan rediyo ya dawo. Shekara goma sha huɗu da wannan nake sanin gari ya waye.

Wata rana Direba ya ce zai koya wa Nomau tuƙi. Ya zaunar da shi a gaban sitiyari ya ce, "Duk inda ka ga gangara, ka taka kuloci, ka sa giya biyu, ka saki ƙafa a hankali. Ka ji?"

"Na ji, Yaya."

Suna cikin gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ba tudu ba kwari, sai Nomau ya hango wata gangara can nesa a bayan fadama, inda shanu ke sauka shan ruwa. Nan take ya danna giya biyu. Shuɗiya ta yi kuka, kwandunan tumatir da ke baya suka kife a kan mai su.

Direba ya ce, "Kai! Ina gangarar?"

"Ga ta can."

"Ai ba ita za mu bi ba!"

"Cewa ka yi duk inda na gani, Yaya."

Daga nan aka rufe makaranta. Sai dai ba wanda ya tuna ya ce wa Nomau darasi ya ƙare. Ko da ƙafa yake tafiya, in ya zo bakin gangara sai ya tsaya, ya danna ƙafar hagu a ƙasa, ya ja hannun dama baya, ya ɗaga ƙafar a hankali, sannan ya sauka. Shekara da shekaru mutanen gari suna yi masa dariya a kan haka.

A farkon daminar da nake ba ku labari, rafi ya cika, Direba ya ƙetara da wata mai naƙuda. Matar ta sauka lafiya, amma ruwa ya shiga wani ɗan akwati da ke ƙarƙashin gaban mota. Ƙwaƙwalwa ake ce masa, shi ke gaya wa inji lokacin shan mai da lokacin ba da wuta. Aka nemi irin na asali aka rasa. Direba ya tafi birni ya sayo wani iri, ba na kamfanin motar ba, wanda sai an ɗaura masa wayoyi ɗaya bayan ɗaya, a kuma gaya masa da kwamfuta irin injin da zai riƙe. Ya dawo da akwatin a leda, ya dawo da zazzaɓi a jiki.

Mudi mai wayarin, wato mai gyaran wayoyin wutar mota, ya zo daga gari a kan babur. Matashi ne mai ji da kansa, da gilashi a goshi da kwamfuta a jaka. Kwana biyu yana haɗa wayoyi, Direba yana kwance yana saurare. Rana ta uku aka murɗa makulli. Inji ya juya, ya juya, ya juya, bai kama ba. Direba ya sa aka kira masa Nomau. Ya kama hannunsa ya ce, "Kada ka bar Shuɗiya ita kaɗai." Bayan kwana biyu Allah ya karɓi abinsa.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba kwalliya, ba ƙetare zaure. Ranar sadakar bakwai Baffa Haladu, ƙanin mahaifinsu, wanda maganarsa ce magana a dangi, ya tsaya a bakin ɗakina ya ce, "Hansai, motar nan in ta tashi kafin ki fita takaba, a bar ta ta ci gaba da yi wa gari aiki. In ba ta tashi ba, ranar da kika fita zan kira 'yan gwangwan su sassare ta, a raba abin da ya samu. Ba za mu zuba wa ƙarfe ido yana ruɓewa ba."

Na ce, "To, Baffa." Amma a raina na san in na ji guduma a jikin Shuɗiya a gindin tagata, mutuwa ta biyu za a yi min.

Nomau kuwa ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa kusa da taya. A nan yake cin tuwo, a nan yake sassaƙa ƙotar fartanya. In zai je masallaci sai ya ɗaure akuya a jikin motar, ya ce mata, "Ki zauna da ita, yanzu zan dawo." Wata safiya shirun ya yi min yawa, na ce ta taga, "Nomau, ka riƙa kunna min rediyon Direba da safe." Tun daga nan kullum sai in ji ƙas, ƙas, sai muryar mai labarai ta shigo ɗaki tare da hasken rana. Wani lokaci ina tsakanin barci da farke sai in ga kamar Direba yana nan a waje yana goge gilashi, yanzu zai leƙo ya ce a miƙo masa koko. Duk Juma'a Nomau yana ɗaukar batir a ka ya kai masallaci a sa masa caji a sola, don Mudi ya ce a riƙa yi.

Wata rana Mudi ya dawo ya ce inji abu uku yake so, mai da wuta da iska, za a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Malam Nomau, je ka tabbatar min akwai mai a tanki." Ya sunkuya a kan kwamfutarsa. Nomau ya leƙa bakin tanki, duhu. Ya sa kunne, shiru. Sai ya shiga ƙarƙashin mota ya kwance tiyo, ya tara robar wankan Lantana, ya tara tukunyar daddawa, ya tara kwanon akuya. Ya jero su a gaban Mudi yana murmushi.

"Injiniya, ga shi. Akwai."

Mudi ya ɗago. "A ina?"

"Ɗazu a tanki. Yanzu a nan."

Sai da aka yini ana tace mai da tsumma ana mayarwa. Lantana ta yi sati tana wanke tukunya da toka, kuma har yau akwai masu cewa daddawarta ta wannan watan tana sa miya saurin tafasa.

Wata rana aka zo kan wuta. Mudi ya kwance fulogi ɗaya, wato ɗan ƙarfen da ke tartsatsi a cikin inji, ya miƙa wa Nomau da filaya mai roba a hannu. Ya ce, "Manna shi a jikin inji. Kada ka saki sai ka ga wuta ta yi tsalle." Ya murɗa makulli sau uku, ba tartsatsi. Ana haka wayarsa ta yi ƙara, wai motar wani mai gidansa ta tsaya a hanya. Ya hau babur ya tafi, bai ce komai ba. Hantsi ya yi, rana ta take, Nomau yana sunkuye a ƙarƙashin bonet. Lantana ta zo ta ce, "Malam, saki mana." Ya ce, "Ban ga wuta ba." Ta kawo fura ta riƙa ba shi a baki da ludayi. Da aka kira azahar bai je ba, Liman da kansa ya hauro ya ga ko lafiya.

"Nomau, sallah fa?"

"Allah gafarta Malam, an ce kada in saki."

Liman ya shafa gemu, sannan ya naɗe hannun riga ya ce, "Kawo in riƙe maka amana. Yi alwala." Ta taga na hango limamin garinmu, da rawani da komai, ya sunkuya yana zura wa fulogi ido. Rabona da dariya tun kafin rasuwa, sai ranar. Na toshe baki da mayafi, dariyar ta juye ta zama kuka, kukan ya sake juyewa. Mudi bai dawo ba sai bayan la'asar, ya tarar da layin mutum huɗu suna karɓa-karɓa.

Wata rana Mudi bai samu zuwa ba, sai ya bugo wayar Lantana. Ya ce, "Malam Nomau, wataƙila wata waya ce ta tsinke. Ka bi duk wayar da ke jikin motar nan tun daga farko har inda ta tsaya, ka faɗa min." Nomau ya kwana biyu yana bi da ɗan yatsa. Rana ta uku Mudi ya sake bugowa, Lantana ta buɗe muryar wayar don in ji.

"Injiniya, baƙar ta tsaya a jikin ƙarfe. Jar da ta fito daga ƙwaƙwalwa ta tsaya a bayan rediyo."

"Na sani, ni na ɗaura ta a nan. Sai wacce?"

"Sai doguwar da ke ɗaure a bodi. Ta bi ta kan katanga, ta wuce turken akuya, ta tsaya a jikin darbejiya. Akwai zani biyu da ɗankwali a kanta."

Wayar shanyar Lantana ce. Mudi ya yi dariya har ya ƙware, ya kashe waya.

Kwanaki suna ta wucewa. Gero ya yi kai, ya nuna, aka fara yanka. Mudi ya canja famfon mai, ya canja wani ɗan abu da ke ƙidaya juyin inji, ya goge abin da ya rubuta wa ƙwaƙwalwar ya sake rubutawa. In aka murɗa makulli sau biyu komai lafiya: famfo ya yi ɗan ƙuginsa, wata 'yar koriyar fitila ta kama a jikin akwatin, kwamfuta ta ce ta ga inji. Da an ƙara murɗawa don a tayar, sai kwamfutar ta ce ba ta ga kowa ba. Mudi ya ce igiyar kwamfutar ce ta lalace, ya sayo wata. Gilashin goshinsa ya koma aljihu. Na fara jin tausayinsa, don ya daina karɓar ko ruwan sha a gidanmu saboda kunya.

Wata rana yana zaune a kujerar direba, gumi yana ɗiga a kan kwamfuta, Nomau yana tsugune a ɗaya gefen inda akwatin yake, yana ta ba shi labarin yadda akuya ta karya ƙaho. Mudi ya fusata ya ce, "Don girman Allah, Malam Nomau, kada ka ƙara yi min magana sai na tambaye ka!" Nomau ya rufe baki. Mudi ya murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa a banza. Na ga Nomau ya zabura, ya nuna akwatin da yatsa, ya buɗe baki, ya mayar ya rufe. Daga ranar ko sallama Mudi ya yi, Nomau ba ya amsawa sai da kai. Mudi ya ɗauka fushi ne, shi ma ya daina kula shi.

Da yamma Nomau ya zo gindin taga ya ce, "Matar Yaya."

"Na'am, Nomau."

"'Yar koriyar fitilar nan, duk sanda rediyo ya yi shiru ita ma sai ta rufe ido. In ya dawo sai ta buɗe."

Ni me na sani a kan fitila? Abin da ya zo min a rai shi ne idon Direba a kwanakinsa na ƙarshe, yadda yake lumshewa in an yi shiru, ya buɗe in an yi magana. Na ce, "Allah sarki. Ta gaji ne, Nomau." Ya ce, "To."

Wata rana Inna Yalwa, tsohuwar da ta yanke wa rabin garin cibiya, ta zo gaishe ni. Da za ta fita ta dafa Shuɗiya ta ce, "Ku ƙyale baiwar Allah. Ita ma takaba take yi. Shekara nawa suna tare?" Ta wuce abinta. Nomau ya miƙe. Ya cire furannin roba da ke gaban gilashi, ya cire tuntayen da ke lilo a madubi, ya cire 'yar kwalbar turare. Ya ɗauko farin mayafin Lantana ya lulluɓe mata gilashin gaba. Washegari Mudi ya zo da wani sabon kaya a leda, ya tarar da Nomau ya tare ƙofa, ya ware hannuwa, bakinsa gum.

Mudi ya ce, "Lantana, me kuma ya faru?"

Ta ce, "Wai takaba take yi, baƙon namiji ba ya shiga."

"Ni ne baƙon? Ni da na san kowace waya a cikinta?"

"To ai shi ya sa ba ta tashi ba," in ji Lantana, ta koma kan daddawarta.

Sai da Baffa Haladu ya zo ya ce a bar shi ya yi aikinsa, sannan Nomau ya kauce. Amma mayafin bai cire ba. Kullum in ya zo kunna rediyo sai ya ce min, "Matar Yaya, saura kwana kaza ku fita, ke da ita." Mudi ya yi gwajinsa na ƙarshe ana saura kwana uku. Ya mayar da komai inda yake, ya ɗaure fulogi, ya rufe bonet, ya bar giya a firi. Ya tsaya a gindin tagata ya ce, "Hajiya, ki yafe ni. Iyakar sanina ke nan." Na ce, "Ba komai, Mudi. Allah bai nufa ba."

Ranar fita ta zo. Da hantsi mata suka cika gida, na yi wanka, na ɗaura sabon zani, aka shafa min turare. Jikina duk wani iri, kamar aron sa aka ba ni. Rediyon Direba yana ta magana a waje tun safe. Na taka zuwa zaure, na tsaya a bakin ƙofa, rana ta kashe min ido. Da na buɗe sai na ga 'yan gwangwan su uku a inuwar darbejiya, da guduma da kurfi da tukunyar gas. Mudi ma ya zo, wai zai cire ƙwaƙwalwar kafin a fara sara. Baffa Haladu yana tsaye da sanda.

Baffa ya ce, "Kai Nomau, cire duk abin da ba na mota ba ne, ka ajiye gefe."

Nomau ya ce, "To, Baffa." Ya yaye farin mayafi ya ninke. Ya fito da butar Direba, da carbinsa, da gwangwanin goro, da hular da ya bari a kan kujera. Ya kwance wayar shanya. Ya kwance akuya. Ya tsaya ya dubi makulli da ke jiki a murɗe, ya ga na mota ne, ya bar shi. Sannan ya zagaya ta sau ɗaya a hankali yana dubawa. Ya tsuguna a gaban taya, ya sa hannu biyu, ya zare baƙin dutsen nan.

Da farko ba wanda ya lura. Shuɗiya ta motsa kamar mai tafiya cikin barci, taku ɗaya, taku biyu, ciyawar da ta tsiro a ƙarƙashinta tana kwantawa. Rediyo yana karanta gaisuwar masu saurare. Baffa ya ɗaga sanda ya ce, "Innalillahi! Dutsen! Dutsen!"

Nomau ya dubi dutsen da ke ƙirjinsa, ya dubi motar da ke tafiya ba kowa a ciki. Ya ce, "Yaya ya ce kada in bar ta ita kaɗai." Ya ruga da dogayen ƙafafunsa, ya faɗa ta ƙofar da ke buɗe, shi da dutsen.

Sai ga gangara a gabansa.

Daga inda nake na ga kafaɗarsa ta hagu ta sauka. Na ga ta dama ta ja baya. Na san abin da ƙafarsa take yi, duk garin nan ba wanda bai sani ba, tana ɗagowa a hankali. Shuɗiya ta yi tsalle kamar an tsikare ta. Ta yi tari. Ta ƙara tari, baƙin hayaƙi ya fito ta salansa. Sannan na ji muryar da na yi wata huɗu da kwana goma ina ji a mafarki kawai. Rediyon kuwa ko sau ɗaya bai yi shiru ba.

Ban san sanda na zauna a dokin ƙofa ba. Mata suna guɗa, akuya tana kuka, Liman ya fito ba takalmi. Shuɗiya ta gangara, ta ratsa rafi da ruwansa ya ja baya, ta haura filin kasuwa. Ba a taɓa gaya wa Nomau abin da ake yi in gangara ta ƙare ba, saboda haka ya yi ta zagaya filin a giya biyu, kaji suna watsewa. Mudi ya bi shi a babur, ya yar da babur ɗin, ya kama ƙofa ya haye. Shi ya tuƙo ta ya dawo da ita gindin tagata.

Lantana ta ce, "Malam, sa dutsen a gaban taya, in ya zauna ka saki."

Mudi ya kashe mota. Ya sake murɗa makulli. Rediyo ya yi tsit, inji ya juya a banza kamar kullum. Ya zura wa sitiyari ido. Can ya juyo a hankali ya ce, "Malam Nomau, don Allah, kai me ka gani a motar nan?"

Nomau ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya sauke kaya. Ya ce, "Injiniya, ina kwana. Ina gajiya. Ya iyali? Duk sanda rediyo ya yi shiru, koriyar fitilar tana rufe ido."

Mudi ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce, "Jar wayar! Daga layin rediyo na ba ƙwaƙwalwa wuta. Shi kuwa layin rediyo, makulli yana yanke shi daidai lokacin da ake tayar da inji. Ashe duk sanda na murɗa, ni da hannuna nake kashe ta. Yau da ta gangara ba a murɗa ba, shi ya sa ta kama." Ya dubi Nomau kamar zai yi kuka. "Wata biyu kana ganin wannan! Me ya hana ka faɗa min?"

"Ba ka tambaye ni ba, Injiniya."

Kafin a kawo wa 'yan gwangwan ruwa su sha, Mudi ya cire jar wayar ya mayar da ita inda wuta ba ta yankewa. Ya ce, "Hajiya, zo ki zauna." Na shiga gaba, inda nake zama in za mu gaishe da iyayena. Ƙamshin goro yana nan. Ƙas, ƙas. Rediyo ya riƙe numfashi, ni ma na riƙe. Inji ya kama tun kafin in saki.

Babban 'yan gwangwan ya saɓa gudumarsa ya ce, "Baba, mu gawa muke saye. Wannan da ƙafarta take yawo." Baffa Haladu ya yi gyaran murya ya ce dama shi bai so a sare ta ba, kuma a nemo direba mai hankali cikin dangi. Mudi ya shiga yi wa mutane bayanin layi da wuta. Nomau ya saurara har ya gama, sannan ya mayar da furannin roba gaban gilashi ya ce, "Ai Inna Yalwa ta faɗa. Yau ne kwananta ya cika." Mudi ya buɗe baki zai yi musu, ya ƙirga da yatsu, ya fasa.

Washegari da safe na ji ƙas, ƙas, na ji shirun, na ji inji. Ina kwance ban motsa ba, hasken taga yana kan bango. Can sai muryar Nomau.

"Matar Yaya."

"Na'am."

"Ta tashi. In ci gaba da zama da ita?"

Wanda ya ba shi wannan aiki ba ya nan balle ya ce ya isa. Na tuna tabarmarsa a gindin tagata, da tarinsa, da hirarsa da akuya, duk tsawon kwanakin nan da na ɗauka ni kaɗai ce a duniya. Na san yadda ake yi masa magana, Lantana ta koya min. Wutsiyar tana kan harshena: sai an samu direba, sai kaka ta wuce.

Na ce, "Ci gaba, Nomau."

Ban ƙara komai a kai ba.